Babi na 7: Kama da Gilashi, Ba Gilashi Ba

Wanda ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, hankalinsa kan tafi kara ne, wajen raƙuma da shanun da ake korowa daga Damagaram da sauran garuruwan Nijar, ko kuma wajen buhunan riɗi da zoɓo da ake lodawa manyan motoci. Amma a bar kara, a ratso layin masu man gyaɗa, a tsaya a kalli yadda ake ciniki. Kafin mai saye ya tambayi kuɗi, sai ya ɗauki gorar man, ya ɗaga ta sama ta fuskar rana, ya karkata ta, ya duba ko akwai gurɓi a gindinta, ko launin ya nuna an yi masa haɗi. Mai sayen zuma ma haka yake yi, haka mai sayen fetur a bakin hanya. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma wannan gora ita ta sauko da birin ƙasa.

Sunan ma abin lura ne. Gorar asali duma ce, wadda makiyayi ke ratayawa a kafaɗa, kuma ba wanda ya taɓa hango abin da ke cikinta sai ya tsiyaya ko ya girgiza ya saurara. Da ta roba ta zo, sai ta gaji sunan, ta kuma zo da abin da duma ba ta da shi: ido yana ratsa ta. A da kwalba kaɗai ke da wannan baiwa, ga nauyi, ga saurin fashewa, ga tsada har sai an ajiye kuɗin jingina kafin a tafi da ita gida.

A kasuwar nan guda, idan mutum ya buɗe ido, zai ga dangin gorar ko'ina: murfin fitilar motar da ta kawo buhuna, fuskar hular kwano, tabarau a kan tiren ɗan koli, murfin fitila mai caji da hasken rana, har da 'yar tagar da ke jikin naira ashirin ta leda, wadda Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007. Duk mukan haɗa su mu ce roba, in abin ya yi ƙyalli mu ce gilashi. To kama da wane ba ta wane. Kowannensu da halinsa, kuma rana da rairayin ƙasar Gumel, inda Maigatari take, ba sa jinkiri wajen tona halin kowa.

Darasi daga dakwara

Me ya sa ido ke ratsa gorar ruwa amma ba ya ratsa bokitin wanka, alhali duka roba ne? Amsar tana jikin bishiyar da muka sani tun muna yara. Idan aka tsaga bawon dakwara da rani, ƙaro yakan tsatso ya daskare, ya zama dunƙule mai sheƙi wanda haske ke shiga ya fita. Shi ne malamai ke haɗawa a tawada don ta kama allo, shi ne kuma ake fitarwa ƙasashen waje daga Jigawa da Yobe da Barno. Ka ɗauki dunƙulen nan ka daka a turmi: nan take zai koma gari fari fat. Ba a ƙara masa komai ba, ba a rage ba. Abin da ya faru shi ne, dunƙule ɗaya ya zama gutsattsari dubbai da iska a tsakaninsu, kuma duk lokacin da haske ya tsallaka daga ƙaro zuwa iska, ko daga iska zuwa ƙaro, sai ya karkace, wani kuma ya dawo baya. In ya yi haka sau dubu, sai ya warwatse ta kowace fuska, ido ya ga fari. Dalilin farin kumfa ke nan duk da ruwa garai yake, da farin dakakkiyar ƙanƙara.

Ita roba, kowace iri, dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin da ido ba ya gani, an jera su dubu-dubu kamar tsakiya a zare. A robar bokiti da jarka, wasu sassan sarƙoƙin sukan kwanta layi-layi, a matse, kamar dammin kara, wasu kuma su cukuikuye kamar dafaffiyar taliya. Haske ba ya tafiya iri ɗaya a cikin dammin da cikin taliyar, don haka a kowace iyaka sai ya karkace, robar ta yi kalar nono. A robobin da muke magana a kansu kuwa, sarƙoƙin suna da ƙullutu a gefe, ko kuma sun yi tauri da kauri, har ba sa iya jeruwa da sauƙi. Suna daskarewa a cukuikuye daga farko har ƙarshe, ba iyaka ko ɗaya da haske zai yi tuntuɓe da ita. Hargitsin nasu shi ne sirrin tsabtarsu. Gilashi ma haka yake, ƙaro ma haka.

Ana iya gwada wannan a tsakar gida. Ka kusantar da wuyan gorar ruwa kusa da garwashi, ba tare da ta kama wuta ba. Za ka ga wurin ya fara yin fari. Zafi ne ya sassauta sarƙoƙin, suka sami sararin jeruwa, dammunan suka bayyana, hanyar haske ta toshe.

'Yan uwa uku

Babban wa a gidan nan shi ne akirilik. Wani masanin haɗa sinadarai na Jamus, Otto Röhm, shi ya fitar da shi kasuwa a 1933 da sunan Plexiglas, a daidai lokacin da ma'aikatan kamfanin ICI na Ingila suka samar da nasu suka raɗa masa Perspex. Wajen kyan gani ba shi da na biyu: idan haske kashi 100 ya faɗo kansa, kusan 92 ne ke wucewa, sauran takwas ɗin ma fuskokinsa biyu ne ke mayar da su baya, ba cikinsa ne ya shanye su ba. Gilashin taga na yau da kullum bai kai shi ba, saboda ɗan ƙarfen da ke cikin rairayin da aka narka. Shi ya sa in ka dubi gilashi ta gefe za ka gan shi kore-kore, gefen akirilik kuwa tas yake, har kamar yana ba da haske. Nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba: falle mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, kaurin milimita huɗu, in gilashi ne kilo 10 ne, in akirilik ne bai cika kilo 5 ba. Ga wanda kayansa za su taso daga tashar jirgin ruwa ta Legas, su yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin su iso Gagarawa ko Sule Tankarkar, wannan bambanci kuɗi ne tsaba. Rana ba ta cika sauya masa launi ba ko da ya shekara goma a waje, shi ya sa ake yin allunan shaguna masu fitila a ciki da shi, da jajayen fitilun bayan mota, da murfin kwalbar jarirai bakwaini a asibiti, da dasashin haƙoran roba. Rauninsa shi ne, in aka doke shi da ƙarfi yana tsagewa, sai dai ba ya tarwatsewa ya zama wuƙaƙe kamar gilashi.

Na biyu shi ne polikabonet, ƙaƙƙarfan gidan. An gano shi a 1953 a wurare biyu kusan lokaci guda: Hermann Schnell a kamfanin Bayer na Jamus, da Daniel Fox a kamfanin General Electric na Amurka. Sunayensa na kasuwa Makrolon da Lexan. Hasken da yake bari ya wuce bai kai na wansa ba, kusan kashi 88 ne, gefensa kuma yana da ɗan duhu. Amma a doke shi da guduma, sai dai ya lotsa. Falle mai sirara ana iya lanƙwasa shi a sanyi kamar langa-langa, bai karye ba. Shi ne garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma, shi ne fuskar hular kwano mai kyau, da shi aka yi hular 'yan sama-jannatin da suka taka wata a 1969. Mu kuwa mun fi saninsa ta wata hanya: faifan CD, wanda ya fito a 1982, polikabonet ne. Duk finafinan Hausa da karatun malamai da aka riƙa sayarwa a tebura a tashar Gumel kafin waya ta kashe kasuwar, a jikinsa aka buga su. Murfin fitilar gaban kusan kowace motar zamani shi ne, haka yawancin manyan gorunan ruwa masu launin shuɗi-shuɗi da ake kifawa a kan na'urar sanyaya ruwa a ofis. Yana jure zafi fiye da sauran: sai wajen digiri 147 yake fara laushi, akirilik kuwa tun wajen 105. Abin da ba ya so shi ne rana da karce. An kuma yi ta ce-ce-ku-ce kan sinadarin BPA da ake haɗa shi da shi, wanda kaɗan daga ciki kan iya tsatsowa idan an zuba abu mai zafi, har Tarayyar Turai ta hana yin kwalbar shayar da jarirai da shi a 2011.

Na uku, wanda ya fi kowa yawan jama'a, shi ne PET, robar gora. John Whinfield da James Dickson ne suka haɗa shi a Ingila a 1941, kuma da farko zare aka riƙa yi da shi. Yadin tetiron da muke ɗinkawa ɗan gidansu ne, uwa ɗaya uba ɗaya da gorar lemo. Sai a 1973 wani injiniya na kamfanin DuPont, Nathaniel Wyeth, ya sami hanyar hura shi ya zama gorar da za ta riƙe lemo mai gas ba ta fashe ba. Ana ɗumama 'yar ƙaramar roba mai kama da yatsa, a ja ta, a hura ta cikin ma'auni. Jan nan yana sa sarƙoƙin su miƙe su ƙara ƙarfi, amma dammunan da suke yi ƙanana ne ƙwarai, haske ba ya ma lura da su. PET ba ya barin gas ya tsere da wuri, ba ya nauyi, ba ya tsada. Sai dai zafi: tun wajen digiri 70 yake fara sakin jiki. Duk mai sayar da kunu da ta taɓa ɗura shi da zafinsa ta ga yadda gorar ke yamutsewa ta koma kamar tsohuwa.

Mai son ya bambance su ya juya gindin kayan. Yawanci akwai alamar kibiyoyi uku da lamba a tsakiya. Lamba 1 PET ce. Lamba 7 tarkace ne na sauran robobi, amma in an rubuta PC a ƙasanta, polikabonet ne. Falle kuwa a dubi gefensa, a kuma ɗan lanƙwasa kusurwarsa: wanda ya yi gardama kamar zai karye akirilik ne, wanda ya bi hannu polikabonet.

Jarrabawar jigawa

Sunan jihar da aka ƙirƙiro a 1991 daga ƙasa aka samo shi: jigawa, tudun rairayi. Masarautar Gumel kuwa tana can ƙuryar arewa, inda rairayin ya fi yawa, ruwan sama ya fi ƙaranci. Kayan da aka ƙera don yanayin Jamus ko Japan, in sun iso nan, alƙalai uku ne ke jiransu.

Na farko rairayi. Masana duwatsu suna da ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10, kuma ƙa'idarsa mai sauƙi ce: na sama yana karce na ƙasa. Ƙwayar rairayi tana kan 7, gilashi wajen 5 da rabi, robobin nan kuwa ba su wuce 3 ba. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi. Idan ta kwanta a kan tabarau, mai shi ya kama gefen rigarsa ya goge a bushe, to ya yi wa tabaransa aikin da kafinta ke yi wa katako da samfefa. Kowane karce sabuwar iyaka ce da haske zai warwatse a kanta, kamar dai ƙaron nan da aka daka. Maganin ba ya cin kuɗi: a fara zuba ruwa ya kwashe ƙurar, a sa ɗan sabulu, sannan a share da tsumma mai laushi.

Na biyu rana. A cikin haskenta akwai wani kaso da ido ba ya gani, mai ƙarfin da yake tsinka sarƙoƙin polikabonet daga sama-sama. Masu ƙera fitilar mota suna shafa mata wani siririn rufi mai kare ta, amma rairayi yana cinye rufin, rana kuma ta sami ƙofa. Shi ya sa motocin da ke jigila tsakanin Gumel da Maigatari da yawa fitilunsu sun koma ruwan ɗorawa, sun dushe kamar idon tsoho. Direba ya yi ta sauya ƙwai yana zagin ƙwan, alhali murfin ne ya hana haske fita, ga shanu da amalanke a kan hanya da dare. Ni kaina na taɓa ƙara wa Barno dawaki: na ga fitilata ta dushe, na tsoma tsumma a fetur na goge. A take ta yi ƙyalli har na yi murna. Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙananan tsage-tsage sun bazu a jikinta kamar saƙar gizo. Fetur da tina da irinsu suna shiga tsakanin sarƙoƙin ne su raba su, musamman inda robar ke a ɗaure da ƙusa. Abin da ke aiki shi ne a goge saman da ya lalace da samfefa mai laushi da ruwa, a bi da man goge, sannan a sake fesa rufin kariya. Masu gogewa da man goge baki ba su yi ƙarya ba, yana haskawa, amma in ba a sake rufin ba, 'yan watanni kaɗan launin zai dawo. Haka fallen polikabonet na rufin rumfa: yawanci fuska ɗaya ce ke da kariya, an kuma rubuta a ledar da ke manne da shi. In mai aiki ya yage ledar kafin ya duba, ya kifa shi a juye, rufin ba zai yi ƙarko ba.

Na uku sauyin zafi da sanyi. A watan Afrilu zafin Gumel kan haura digiri 40, da asubahin hunturu kuma ya sauko ƙasa da 15. Akirilik yana miƙewa da zafi kusan ninki takwas na gilashi: falle mai tsawon mita ɗaya kan ƙaru da kimanin milimita biyu idan zafi ya hau da digiri 30. In mai yin allon shago ya huda rami daidai kaurin ƙusa ya ɗaure tamau, robar ba ta da wurin motsi, sai ta tsage daga bakin ramin. Gwanaye suna faɗaɗa ramin kaɗan, su sa wani zoben roba mai laushi, su bar mata sararin numfashi.

Inda rairayi ba ya kaiwa

Akwai wuri ɗaya da akirilik ke zama shekara da shekaru ba karce, ba dusashewa, kuma dubban mutanen arewa suna yawo da shi ba tare da sun san sunansa ba. Cikin ido ne.

A bayan baƙin ido akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai mai siffar wake, ita ce ke tattara haske ta aika shi ƙuryar ido. Da tsufa, ko ciwon suga, ko rauni, ko yawan shan rana, sinadaran cikinta sukan dunƙule, kamar yadda farin ƙwai ke komawa fari idan ya ji wuta. Haske ya fara warwatsewa, mutum ya riƙa gani kamar cikin hazo, har ya kai sai an ja shi da sanda. Ita ce yanar ido, kuma daban take da hakiya, wadda tabo ne a fuskar idon ta waje. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40 makafi ne, kuma yana ce sanadin kashi 43 cikin 100 na wannan makanta. Makanta ce da ake iya warkarwa cikin minti ashirin.

Tun da daɗewa akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna aikin ido na gargajiya. Sukan soka wani tsinke su tura ƙwayar da ta yi yana ta faɗa can cikin ido. Haske ya shigo, mara lafiya ya ga giccin mutane, a yi ta kabbara. Amma ido ya rasa abin tattara haske, ga kumburi da hawan ruwan ido da kan biyo baya. Binciken nan ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana ta wannan hanya aka yi musu, kuma mafi yawansu sun ƙare a makance. A asibiti ma, a zamanin da, cire ƙwayar kawai ake yi, a ba mutum tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da ya faɗi ya fashe, ko jika ya taka shi, makanta ta dawo.

Mafita ta fito ne daga yaƙin duniya na biyu. Rumfar matuƙin jiragen yaƙin Ingila, irin su Spitfire da Hurricane, da Perspex aka yi ta. Wani likitan ido mai suna Harold Ridley ya riƙa duba matuƙan da harsashi ya farfasa musu rumfa, ɓarɓashin ya shige musu ido. Ya lura da abin mamaki: ido yakan yi faɗa da kusan duk baƙon abin da ya shige shi, amma ɓarɓashin nan yana zaune lafiya, ba kumburi, ba ruwa. Daga nan tunani ya zo masa cewa ana iya sassaƙa ƙwayar ido da wannan roba. Ranar 29 ga Nuwamba 1949, a asibitin St Thomas da ke Landan, ya yi aikin farko. Manyan likitocin zamaninsa sun yi masa ca, suna cewa aikin likita cire abu ne daga ido, ba cusa wani ba. An ɗauki kusan shekara talatin kafin duniya ta sallama masa, kuma sai a shekarar 2000, yana da shekara fiye da casa'in, Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma. Ya rasu a 2001.

Ko bayan an yarda da aikin, ƙwayar ta fi ƙarfin talaka, domin guda ɗaya kan kai dala ɗari ko fiye. Asibitin ido na Aravind da ke Madurai a Indiya ya buɗe masana'antarsa mai suna Aurolab a 1992, gidauniyar Fred Hollows kuma ta buɗe nata a Asmara ta Eritiriya da Katmandu ta Nefal a 1994. Farashi ya faɗo ƙasa da dala goma. Abin da ya sa ke nan yau, ko a asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda ke aiki tun shekarun 1940, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko a gangamin aikin ido kyauta da ake kawowa manyan asibitocin Jigawa, ba a sallamar mutum da gindin kwalba a fuska. Ana saka masa 'yar roba mai faɗin milimita shida da ƙafafu biyu masu lanƙwasa da ke riƙe ta a gurbinta. Akwai sabbin ƙwayoyi masu laushi da ake naɗewa a tura ta ƙaramar kafa, amma mai taurin nan ta akirilik, jikar rumfar jirgin yaƙi, ita ce har yanzu dokin aikin inda kuɗi ya yi ƙaranci. Washegari a cire bandeji, tsohuwa ta dubi mai jinyarta ta ce, "Ashe haka kika rame, 'yar nan?"

Polikabonet ma yana da rawar da yake takawa, amma daga waje. Tabaransa yana tare kusan dukkan hasken nan mai lahani ko da fari ne ba baƙi ba, kuma tsakuwa ko tartsatsin ƙarfe ba ya fasa shi, don haka ya dace da yara 'yan makaranta, da masu wasa wuƙa a injin, da masu fasa dutse. Sai dai a kiyaye: ba ya isar mai walda. Wutar walda tana buƙatar baƙin gilashinta na musamman, kuma baƙin tabarau na kan tire ba ya maye gurbinsa.

Gora a kan kwano

Abin da ya sa polikabonet ya dace da tabarau, shi ya sa bai dace da wani aiki da PET ke yi ba. PET tana barin wani kaso na wannan ɓoyayyen haske ya ratsa ta, shi kuma yana kashe ƙwayoyin cutar gudawa, da taifot, da kwalara. Wani malami a Jami'ar Amurka da ke Beirut, Aftim Acra, shi ya fara nuna haka a farkon shekarun 1980, daga baya cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan ta gwada hanyar ta kuma yaɗa ta a ƙasashe da dama. Ana samun gora fara mai tsabta, wadda ba ta wuce lita biyu ba, a cire takardar jikinta, a cika ta da ruwa, a kwantar da ita a kan kwanon rufi ta sha rana awa shida. In akwai hadari sosai, kwana biyu. Sharaɗin shi ne ruwan ya zama garai: in an ɗora gorar a kan manyan baƙaƙen jarida, aka leƙa ta baki ba a iya karantawa ba, sai an tace tukuna. Gorar da ta karce ta dushe ta gama aiki, a sauya ta. Rana ba ta cire guba, don haka gorar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta komawa ta ruwan sha, ko sau nawa aka wanke ta.

A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, inda itacen girki ke ƙara nisa kowace shekara, tafasa ruwan sha kullum ba ƙaramin aiki ba ne. Rana kuwa ba a saye, gora ma yara na tsintowa bayan an tashi daga kasuwa. A babi na gaba za mu bi waɗannan goruna da ba a tsinta ba, daga kwatar Maigatari zuwa buhunan 'yan gwangwan, har injinan niƙa roba na Sharaɗa da Challawa a Kano.